Yadda "hen" ya shiga ƙamusun Suwidin

A harshen mutanen Suwidin, "han" na nufin shi, "hon" kuma ita. A 1966 wani masanin harshe, Rolf Dunås, ya kawo shawara a jaridar Upsala Nya Tidning cewa a ƙaro wakilin suna na uku, "hen", wanda ba ya ware mace da namiji. Kalmar ta yi kama da ta maƙwabtansu 'yan Finlan, waɗanda kalma ɗaya, "hän", ke wakiltar kowa a harshensu. Ba a kula shi ba. Hans Karlgren ya sake tado da zancen a 1994, nan ma shiru.

Sai a 2012 muhawara ta ɓarke, bayan Jesper Lundqvist ya kira tauraron littafinsa na yara, Kivi och Monsterhund, da "hen". Masu suka suka ce za a rikita yara. Magoya baya suka ce yana rage wahala idan ba a san jinsin mutum ba, kuma ya samar da abin kira ga waɗanda ba sa ɗaukar kansu mata ko maza. A 2015, shekara 49 bayan shawarar farko, kalmar ta shiga SAOL, ƙamusun Cibiyar Harshen Suwidin.

Mu masu rubuta manhaja da Hausa matsalarmu ta fi tasu, domin ko ido da ido muna raba kai da ke. Manhaja ba ta san wanda ke riƙe da waya ba: "sunanka" za ta ce ko "sunanki"? Ba mu ƙirƙiri sabuwar kalma ba. Mun koma ga abin da kakanninmu suka bar mana: "sunanku" na girmamawa, ko kuma "a shigar da suna".