Zangon Bakin Gulbi: Inda Ayarin Gwanja Yake Sauke Kaya

Duk wanda ya dubi ƙasar da ta shimfiɗu daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har zuwa Ƙafur da Malumfashi, wadda magabata suke kira Katsina Laka saboda nauyin ƙasarta da yalwar damunarta, zai zaci mutanenta ba su taɓa sanin wata sana'a ba face garma da fartanya. Alhali kuwa tun zamanin dā audugar da ake tsinka a gonakin nan takan bi ta hannun mata masu kaɗi, ta faɗa hannun masaƙa, ta shiga karofin Maska, daga can kuma a ɗaure ta bayan jaki ta nufi ƙasashen da mai gonar bai taɓa gani ba. Mafi nisan waɗannan ƙasashe, kuma mafi albarkarsu ga mai haƙuri, ita ce Gwanja, inda ake samun goro, abin da ba ya tsirowa a ƙasar Hausa amma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi.

Hanyar tsohuwa ce. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi tsakanin Barno da Gwanja, a zamanin Sarki Yakubu kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo sai fataucin ya tattaru a hannun jama'u uku: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga wajen Azbin ne suka zauna a karkarar Katsina da Kano, da kuma Kambarin Barebari na Gummi. Agalawa musamman sun san yadda ake haɗa noma da tijara, su yi damuna a gona, in an kai amfani rumbu su ɗaure kanwa da turkuɗi da saƙi da jan fata da gabu, su kama hanya. Dokta Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, da ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin a shekara ya wuce kayan jaki 500, kowane kaya kuwa, in ya iso lafiya, yakan yi wuri 200,000.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Madugu ne shugaba, maganarsa ita ce hukunci tun daga fita har komowa. Jagaba yana gaba da sanin hanya. Uban dawaki yakan riga jama'a isa gari domin ya shirya masauki ya kai gaisuwa. Malamin ayari kuwa shi ke duba ranar tashi, ya yi istihara, ya rubuta lissafi, ya raba gardama, ya kuma sallaci wanda ajalinsa ya riske shi a daji. Kyaftin Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana komowa daga Gwanja, ya ce mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobinsu ma kamar haka.

To, a tudu wannan runduna takan yi tafiyarta daga asuba zuwa hantsi ko azahar, ta yi zango, ta kwana, ta tashi, ba mai tsayar da ita sai ɗan fashi ko ciwo. Amma ko ta wace hanya madugu ya zaɓa, ko ta Birnin Gwari zuwa Yawuri da Busa, ko ta Zamfara da Jega zuwa Ilo da Gaya, ko ta Nufe zuwa Raba, ba makawa sai ya tsaya gaban kogin Kwara. A nan ne kuma tafiya takan zama zama. Wani abin mamaki game da wannan kogi shi ne yana cika sau biyu a shekara: da farin ruwa na damunar ƙasarmu, sa'an nan da baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina, bai iso Yawuri ba sai lokacin ɗari. Saboda haka bafatake da ya bar gida bayan kaka, ya wuce rafuka duk sun ƙafe, sai ya tarar da gulbi ya batse, ba mashigi, ba dabara, sai jiragen Gungawa da Sarkawa, ko na Kyadawa a ƙasar Nufe. Ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

Ƙetare kogi da jakai ɗaruruwa aiki ne na kwanaki. Sai an sauke mangala, an kwance akumari, an loda kaya cikin jirgi kaɗan-kaɗan domin kada kanwa ta jiƙe ta narke, sa'an nan a tura jakai cikin ruwa ana riƙe da kawunansu a gefen jirgi, ana addu'ar tsari daga kada da dorina. Kafin a kai ga wannan ma, sai an gama da fada: madugu da uban dawaki su yi ta kai da komo suna ciniki a kan kuɗin fito, sarki ya ce kaza, su ce Allah ya ba ka nasara, bana kasuwa ba ta yi ba, a rage kaɗan, a ƙara gaisuwa da riga ko takobi, a koma gobe. Sarkin da ya san amfanin kansa ba ya gaggauta sallamar baƙi, domin kowace rana da suka ƙara, talakawansa suna sayar musu da dawa da kifi da itace da harawa.

A nan fiƙihu yake shiga. A mazhabar Imamu Malik, musafiri yana ƙasaru, yana mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. In ya yi wannan niyya, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Ga mutanen da suka yi makonni suna ƙasaru, ranar da malamin ayari ya shelanta cewa a cika salla ita ce ranar da kowa ya tabbata an zauna ke nan: a kafa bukkoki sosai, a wanke tufafi, wanzami ya fito da zabirarsa, baduku ya ɗinke taiki da ya yage, a duba gyambon bayan jakai, mata su kafa tukwane suna sayar da tuwo da fura ga 'yan ayari da 'yan gari baki ɗaya. A hanyar komowa kuma nan ne ake kwance huhu, a tsince goron da ya fara ruɓa kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari. Hutu ne ga ƙafafu, amma ba hutu ba ne ga zuciyar mai dukiya, musamman wanda ya ɗauko jarin wani bisa ƙiradi, wanda zai koma ya yi bayanin kowace ƙwarya.

Daga irin wannan jira ne garuruwa suka tsira. Wani ya yi rashin lafiya ayari ya tafi ya bar shi, wani jarinsa ya karye kunya ta hana shi komawa gida, wani ya ga yarinya ya yi aure, wani malami ya ga yara ba mai koya musu Fatiha ya kafa makarantar allo; shekara ta kewayo, sai ga su sun zama fatoma da dillalai masu saukar da 'yan'uwansu, sai ga sarkin zango, sai ga masallacin Juma'a. Haka harshen Hausa da Musulunci suka bi hanyar Nikki da Zugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga, ba da takobi ba, da ƙafar jaki.

Game da kuɗin fito, ra'ayina ya rabu biyu. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙi ya lissafta ɗora haraji a kan fatake da matafiya cikin al'adun mulkin zalunci, kuma ba shakka akwai sarakunan da suka mayar da mashigi tarko. Amma adalci ne a faɗi cewa wanda ya karɓi fito ya ɗauki amanar hanya, kuma a ƙasar Bargu, inda fashi ya shahara, bafatake ya gwammace ya biya sarki a fili da rana bisa ga ya biya 'yan kwanton ɓauna da ransa. Takobin da madugu yake da shi ɗaya ne, wato ya sauya hanya baɗi. Garin da ya tsananta kuwa yakan wayi gari ba baƙo, kasuwarsa ta mutu.

Salaga ta ƙasar Gwanja ita ce ƙarshen tafiya, kasuwar da Asantawa suke kawo goro, domin ba su yarda baƙi su shiga kurmi su saya da kansu ba. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, ciniki ya fara warwatsuwa zuwa Kintampo da Atebubu. Da yaƙin basasa ya tashi a Salaga a 1892, sai baƙi suka watse, da yawansu suka sauka a Kete, kusa da Karaci, a bakin kogin Bolta, inda jiragen ruwa ke kawo gishirin Ada daga bakin teku. Cikin waɗanda suka yi wannan hijira har da Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limamin Kete, ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami, ya rubuta wa Bajamushe Mischlich labaran ƙasar Hausa, ya rasu can a 1934. Ba don zangon fatake ba, da wuya malami irinsa ya ƙare rayuwarsa a bakin Bolta.

Abin da ya kashe ayari ba ɓoyayye ba ne. Gwamna Lugga ya ɗora wa fatake kuɗin hanya a farkon mulkinsa, aka soke shi a 1907, amma ba wannan ne ya yi kisan ba; teku ce da dogo. Alhasan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara gane cewa goron da aka loda a jirgin ruwa daga Ankara ko Sekondi zuwa Ikko yakan riga na bayan jaki isowa, kuma ya iso da ɗanyensa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka gama gadar Jaba a 1916, sa'an nan Yarbawan Agege da Shagamu suka shiga dashen goro gadan-gadan, tafiyar da take cin rabin shekara ko fiye ta koma ta 'yan kwanaki. Garin da abincinsa jiran baƙo ne, in baƙo ya daina jira, me ya rage masa? Daga baya ma ruwa ya gama da wasu ɗungum: tafkin Akosombo ya haɗiye tsohuwar Kete Karaci bayan 1965, na Kainji kuma ya haɗiye tsohuwar Busa a 1968, aka gina wa mutanensu sababbin garuruwa a tudu.

Katsina Laka ta ga nata rabon na wannan juyi, sai dai ta wata fuska. Dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929; kamfanin audugar Turawa, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, sai audugar da a dā take fita a matsayin zane rinanne ta koma fita a matsayin kaya ɗaurarre zuwa masaƙun Ingila. Sarkin Maska ya bar tsohon garin ya zauna Funtuwa, masaƙa da marina suka ragu, Funtuwa, ƙauyen da ba a lissafa shi da tsofaffin garuruwa irin su Maska ko Gozaki a dā, ya zama shi ne gari. Dalilin kuwa shi ne dalilin Yawuri da Kete: nan hanyoyi suka gamu, ta Zariya, da ta Gusau da Sakkwato, da ta Malumfashi zuwa Katsina da Kano, da ta Birnin Gwari zuwa kudu, nan kuma ake sauke kaya a jira. Jikokin masu jakai suka sayi manyan motoci, ɗan kamasho ya gaji aikin uban dawaki, masarar Bakori da Dandume kuma tana bin kusan sawun da turkuɗi ya bi, ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta ƙetare Kwara a Jaba ba tare da direba ya sauko daga mota ba.