Sujada da Cibiyar Tushe ta Yoga: Gyara ga Wani Kwatance

Akwai wani ra'ayi da ke yawo a 'yan shekarun nan tsakanin 'yan boko masu kishin addini, ana tura shi ta WhatsApp da Facebook har ya kan shiga hirar bayan Magariba a unguwannin birnin Katsina irin su Ƙofar 'Yandaka, wanda ke cewa sujada ita ce abin da masu yoga ke kira kafuwa a ƙasa, wato haɗa jiki da doron ƙasa domin samun natsuwa da zubar da wani lantarki mai cutarwa. Mai wannan ra'ayi yakan ƙara da cewa cibiyar tushe, wadda ake kira cakrar muladara, daidai take da laɗa'if na Sufaye. Niyyarsa kyakkyawa ce, domin so yake ya nuna Musulunci ya riga kowa sanin sirrin jikin ɗan Adam, sai dai wannan maƙala na ganin cewa kwatancen ya tauye haƙƙin ɓangarorin biyu, kuma tauyewar da ya yi wa salla ta fi girma.

Yadda yogar motsa jiki ta zamani ta samo asali sananne ne ga masu nazari (Singleton, 2010), saboda haka muladara kaɗai ke buƙatar bayani. Cakra, a littattafan Tantara na Indiya, wata cibiya ce da mai ibada ke sawwarawa a cikin jikinsa yayin tunani mai zurfi, kuma littattafan ba su haɗu a kan adadinta ba, domin wasu sun ce huɗu, wasu biyar, wasu tara. Tsarin shida ya shahara ne ta hanyar rubutun Purnananda na Bangal na 1577, wanda Baturen alƙali John Woodroffe ya fassara a 1919. A can an ajiye muladara a gindin ƙashin baya, an siffanta ta da fure mai ganye huɗu jajaye, da murabba'i rawaya mai wakiltar ƙasa, da giwa, da wani ƙarfi mai suna kundalini wanda ke barci a naɗe kamar maciji. Abin lura shi ne cewa burin mai wannan ibada shi ne ya tashi kundalini ya fitar da ita daga muladara zuwa ƙoƙon kai, yana narkar da sinadarin ƙasa cikin na ruwa, na ruwa cikin na wuta, har jiki ya daina riƙe shi. Ke nan muladara mashiga ce da ake son a baro, ba mazauni ba.

Ma'anar kafuwa da aminci da ake jingina mata yau ta zo ne daga Turai da Amurka. Carl Jung, a laccocinsa na Zurik a 1932, ya fassara muladara da rayuwar yau da kullum. Alexander Lowen, ɗalibin Wilhelm Reich, ya mai da tsayuwa da ƙafa daram a ƙasa hanyar jinyar damuwa, kamar yadda ya bayyana a littafinsa na 1975. Sannan Anodea Judith ta haɗa waɗannan da cakra a 1987. Batun lantarki kuwa ya yi ƙarfi ne bayan littafin Clinton Ober da abokan aikinsa na 2010. Abin da ake auna sujada da shi, wato, bai kai shekara ɗari ba.

Hujja mafi ƙarfi da mai wancan ra'ayi ke da ita daga fiƙihun Malikiyya take, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce ai a Muhtasar na Halilu, wanda manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan Katsina bayan sun wuce Ahalari da Iziyya da Risala, an karhanta sujada a kan tufa, an yarda da tabarma, an kuma fifita goshi ya taɓa ƙasa kai tsaye. Zai ƙara da cewa taimama ma da ƙasa ake yin ta, to me ya sa shari'a ta dage a kan ƙasa in ba don wani amfani da ke cikinta ba? Amsar farko ita ce malaman da suka kawo hukuncin sun faɗi dalilinsa, wato tawali'u da nisantar jin daɗi a gaban Ubangiji, shi ya sa suka bambanta shimfiɗar alfarma da tabarmar talaka, alhali ta fuskar lantarki busasshiyar tabarmar kaba da darduma duka ba sa barin wuta ta ratsa su sosai. Amsa ta biyu tana cikin masallatan unguwar kansu: duk wanda ya dubi sahun Azahar a Ƙofar 'Yandaka zai ga tabarmar roba a kan siminti, da kafet, da dattijo a kan buzunsa, kuma babu malamin Malikiyya da ya ce sallar waɗannan ta ɓaci, ko ta mai salla a saman bene ko cikin jirgin ruwa. Da zubar da lantarki ne hikimar sujada, da mafi yawan masallata sun rasa ta.

Taimama ma, idan aka dube ta da kyau, ba ta goyi bayansa ba, domin madadin ruwa ce a lokacin lalura. 'Yan Tijjaniyya da ke zagaye farin ƙyalle suna wazifa sun san cewa wanda ya yi taimama ba ya karanta Jauharatul Kamali, sai dai ya musanya ta da Salatul Fatihi ashirin. A al'adar da ke ɗaukar ƙasa a matsayin maɓuɓɓugar ƙarfin ruhi, da wuya a sami irin wannan hukunci.

A kan laɗa'if ne ya wajaba maƙalar ta sassauta da'awarta, saboda cuɗanya tsakanin Sufaye da masu yoga ta faru a tarihi. Carl Ernst ya nuna cewa an fassara wani littafin yoga mai suna Amritakunda zuwa Larabci da Farisanci, cewa Muhammad Gausu na Gwaliyo, shehin Shaɗɗariyya a ƙarni na 16, ya yi aiki a kansa, kuma har Muhammad ɗan Ali Sanusi, wanda ya rasu a 1859, ya ambaci hanyar masu yoga a littafinsa na ɗariƙu arba'in. Saboda haka ba za a ce babu alaƙa sam ba. Abin da hujja ta ba da damar faɗa ya fi haka ƙanƙanta, amma ya wadatar: laɗa'if, wato wuraren tsinkaye na ruhi da Naƙshabandiyya ta tsara musamman bayan Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, manyansu biyar a ƙirji suke, su ne ƙalbu da ruhu da sirru da hafiyyu da ahfa, kuma zikiri daga zuciya yake farawa, babu ko ɗaya daga cikinsu a gindin ƙashin baya. Bugu da ƙari, Ƙadiriyya da Tijjaniyya ne suka yi rinjaye a ƙasar Hausa, kuma wuridansu na yau da kullum a kan istigfari da salati da hailala suka ginu.

Abin da ya rage na gaskiya a cikin ra'ayin shi ne cewa mai sujada yakan sami kwanciyar hankali, kuma fiƙihu ya riga ya ba wa ɓangaren jiki na wannan suna, wato ɗuma'nina, natsuwar gaɓoɓi a kowane rukuni, wadda yaro ke haddacewa cikin farillan salla tun yana Ahalari. Masu binciken lafiya suna da damar auna numfashi da bugun zuciyar mai salla, kuma sakamakonsu zai yi amfani. Haɗarin yana wajen mai da irin wannan sakamako dalilin ibadar. Tun da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka a 1903, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wasu masu ilimin zamani suka saba da neman shaidar Bature kafin su natsu da abin da ke hannunsu. Matashin da aka koya wa cewa yana sujada ne domin lantarki, ranar da wani bincike ya rushe zancen lantarkin, za a bar shi da shakkar da ba a taɓa buƙatar jefa shi cikinta ba. Wajibi ne, saboda haka, malaman zaure da na jami'a su riƙa bayyana yoga yadda littattafanta suka bayyana ta, su kuma karantar da sujada da dalilan da malamanta suka bayar.