Sunayen tsirran garka a matsayin shaidar tarihi: misalin Mai Yara da ƙasar Dakwaro

1. Gabatarwa

Mai son rubuta tarihin noman garka a arewacin jahar Maraɗi ba shi da takardu masu yawa. Rahotannin mulkin mallaka sun fi kula da gero, da gyaɗa, da haraji. Amma kowane tsiro da ya shigo ƙasar Hausa ya zo da suna, ko an raɗa masa wani, kuma sunan yakan riƙe alamar hanyar da ya biyo. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi waɗannan sunaye, mu ga abin da suke faɗi game da garaken Mai Yara da maƙwabtanta.

2. Ƙasa da ruwa

Mai Yara tana cikin gundumar Dakwaro, garin da Faransawa suka mai da mazaunin mulki a shekara ta 1947. Ƙasa ce ta jigawa. Manyan kwaruruwan yankin, wato Tarka daga arewa da Gulbin Kaba daga kudu, tsofaffin hanyoyin ruwa ne da suka daina gudu kamar Gulbin Maraɗi. Dokar watan Mayu na 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta nuna cewa muna bakin ƙasar makiyaya. Saboda haka fadama a nan abu ce mai tsada: bakin tabki bayan damina, ko gindin rijiya mai zurfi. Kayan garka sun daɗe suna zuwa kasuwannin yankin daga kudu da yamma kafin su yi saiwa a ciki.

3. Sunaye kashi huɗu

Kashi na farko shi ne na tsirran da suka tsufa a Afirka: kuɓewa ko guro, yakuwa ko sure, gauta, yalo, rama, duma. Sunayensu ba su da alamar aro a fili, kuma sukan bambanta daga kari zuwa kari, abin da ke nuna daɗewa.

Kashi na biyu ya biyo ayarin Sahara. Albasa daga Larabci al-basal take, alkama daga al-ƙamh. Harafin al- ya manne da kalmar har Bahaushe ya daina jin sa a matsayin ƙari. Dukansu amfanin ban-ruwa ne na lokacin sanyi. Haka kuma malohiya, wadda ake kira lalo a wasu wurare.

Kashi na uku ya fi ban sha'awa. Tsirran Amurka, da suka iso Afirka bayan shekara ta 1492, sun sami sunaye masu nuni da gabas: masara daga Masar, gwandar Masar. Zogala, wanda asalinsa Indiya ne, ana ce masa bagaruwar Makka ko tamakka. A nan sunan yana nuna inda mutane suka ɗauka abin ya fito, ko hanyar mahajjata da fatake, amma ba mahaifarsa ta ainihi ba. Akwai kuma baƙon da ya ƙwace sunan ɗan gida. Gwanda tun farko sunan itacen dajinmu ne (Annona senegalensis). Da baƙuwar ta yaɗu sai ta riƙe sunan ita kaɗai, ƴar ƙasa ta koma gwandar daji.

Kashi na huɗu na zamanin Turawa ne, kuma iyakar Nijar da Nijeriya ta raba shi biyu. Abin da mutumin Maraɗi ke kira shu, karoti da salati, daga Faransanci, mutumin Katsina na kiransa kabeji, karas da latas, daga Ingilishi. Tafiyar ƴan sa'o'i ce tsakaninsu, amma kowane ya karɓi irin daga hannun mai mulkinsa.

4. Juyin 1984

Waɗannan ganyayen Turawa sun daɗe a garaken birni, kusa da bariki. Fari na 1984 ne ya kai su ƙauyuka da yawa. A wannan shekara damina ta lalace, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, har talakawa suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnatin Seyni Kunce ta yi shelar noman rani: a haƙa rijiyoyi, a kewaye bakin tabkuna, a raba iri. Wurare irin su Jiratawa, kusa da Maraɗi, inda ruwa ke kusa, sun ci gaba har suka yi suna da zogala. A ƙasar Dakwaro kuwa, zurfin ruwa ya taƙaita aikin, sai daga baya da rijiyoyin burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana suka sauƙaƙa shi.

Game da furanni, labarin ya bambanta. A tsofaffin ƙamusoshi kalmar fure takan nufi furen taba, wanda mata ke goga wa haƙora tare da goro. Lalle ma don ganyensa ake shuka shi. Shuka fure don kallo kawai al'adar bariki ce da ta birni, shi ya sa yawancin furannin da ake sayarwa a bakin titunan Yamai ba su da sunan Hausa tsayayye.

5. Tsiron da ba a sani ba

Ƙasa mai laima takan fito da abin da ba a shuka ba, ko ta hanyar taki, ko cikin irin da aka sayo. A nan sanin suna ya zama maganar ci da lafiya. Tafasa, gasaya, rukuɓu da lalo sukan fito da kansu. Matan ƙauye sun san su, suna kwaɗo da miya da su, alhali takardun malaman gona, da aka rubuta da Faransanci, sukan lissafa su cikin ciyawar da za a nome. Ta wani gefen, rai-ɗore (Senna occidentalis) ɗan'uwan tafasa ne, yana kama da ita tun yana ƙarami, ga shi ɗanyun ƴaƴansa na da dafi ga dabba da mutum. A Nijar wasu na kiransa kinkiliba, sunan da a Senegal da Mali ke nufin geza (Combretum micranthum). Wanda ya karanta amfanin ɗaya ya je ya tsinko ɗayan, suna ne ya yaudare shi.

Littattafan da za su raba gardama sun tsufa. Dalziel ya fitar da jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa a 1937. Ƙamusun Bargery na 1934 ne. Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen Nijar a shekarun 1970. Biyu na farko a Nijeriya suka yi aikinsu, na ukun kuma ya riga juyin 1984.

6. Kammalawa

Mun ga cewa garka guda a Mai Yara tana iya haɗa kuɓewar Afirka, albasar ayari, masarar Amurka da shun Faransawa, kowane da sunan da ke tuna zamaninsa. Aikin da ya rage shi ne a zauna da masu garka, musamman tsofaffin mata, a rubuta kowane suna da karin sautinsa da tsawon wasalinsa, a haɗa shi da busasshen samfurin tsiron da masanin tsirrai zai tantance. Suna ba samfuri yana iya ɓad da mai karatu, kamar yadda kinkiliba ta nuna. Wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sashen harsuna da na aikin gona, kuma ya kamata a fara shi tun waɗanda suka ga noman rani na farko suna da rai.