Sunan Gari da Sunan Kaka: Matsalar Bin Salsala a Gagarawa da Ƙasar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta duba hanyoyin bin salsalar dangi a Gagarawa da kewayenta, ta kuma nuna cewa sunan ƙarshe da ke kan takarda shi ne mafi raunin hujja a wannan aiki.

Gabatarwa

Bahaushe ba ya gadon suna guda daga kaka har jika. Yaro kan amsa sunan mahaifinsa, ɗansa kuma ya amsa nasa, nan da nan sunan kakan ya faɗi. Da boko ta zo, aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu don a bambanta Musa da Musa, kamar yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Don haka mutum biyu masu amsa Gagarawa a Kaduna ko Legas, komai ƙarancin masu sunan, gari suka haɗa. Jini kuwa sai an bincika. Takardun katin ɗan ƙasa da na banki, masu tilasta cike gurbin sunan iyali, sun ƙara dagula lamarin.

Ƙaura da rabuwar gidaje

Ɗan Juma da Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen 1750. Ta bi Borno, ba ta shiga Daular Sakkwato ba, kuma fadarta tana Tumbi, cikin Nijar ta yau, kafin a dawo Gumel a 1845. Yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram sun tarwatsa gidaje, sannan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa tsakanin 'yan uwa. Wajen 1930 layin dogo na Kano zuwa Nguru ya bi ta Gagarawa, tashar ta jawo baƙi suka zauna.

Iyakar nan ta bar tabo har a rubutu. Wanda aka rubuta Yusuf Usman a Gagarawa, takwaransa cikin dangi a Damagaram Issoufou Ousmane ne a takarda. Ranar Alhamis suna iya haɗuwa a kasuwar Maigatari su gaisa da sunan kakansu, amma mai bincike a kwamfuta ba zai taɓa haɗa su ba.

Inda hujjar take

A ganin wannan maƙala, tsofaffin mata ne ma'ajiyar salsala. Su suka san wadda aka kai aure wani gari, da ɗan riƙo, da waɗanda suka sha nono ɗaya. Sai dai a kula da alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar gida ba ta kiran na surukinta, sai laƙabi irin su Babangida ko Maigari ya binne sunan yanka. Dole a tambayi mutum biyu ko uku, a gwada bakinsu.

Tsagar gado tana nuna asali, amma tana ƙarewa tare da tsofaffi. Sana'ar gida, kamar ƙira da wanzanci, da kirarin maroƙa, da iyakar gonar gado, duk shaidu ne. Takardun rabon gado na kotun alƙali sun fi ƙarfi, domin suna jera magada maza da mata da sunayensu. Rahotannin haraji na zamanin Turawa da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna suna da amfani wajen sanin dagatai da ƙauyuka, amma gidajen sarauta suka fi kulawa da su. Jikan manomi ko na bawa da wuya ya tarar da kakansa a ciki, shi ya sa ɗaukar muryar dattawan Gagarawa ya fi komai gaggawa.