Tarihin Binciken Dangantakar Endometiriyosis da Sankarar Jakar Ƙwai

Akwai wata cuta ta mata wadda likitoci suke kira endometiriyosis, wadda har yanzu Hausa ba ta raɗa mata suna na kanta ba. A bakin jama'a takan shige ƙarƙashin "ciwon mara", kalmar da ta zama kamar babbar riga, tana lulluɓe cututtuka iri-iri waɗanda ba su haɗa komai ba sai wurin da suke damun mai su. Bayanin cutar kuwa shi ne, a cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda take yin kauri kowane wata domin jiran shigar ciki, idan cikin bai shiga ba sai ta saɓule ta fita, wannan shi ne jinin haila. To, a jikin waɗansu mata akan sami tsoka mai kama da wannan shimfiɗa ta tsiro a wajen mahaifa, ko a jikin jakar ƙwai, ko a fatar da ta lulluɓe kayan ciki, wani lokaci har a hanji ko mafitsara. Tsokar nan takan kumbura ta yi jini duk wata, alhali jinin ba shi da ƙofar fita, daga nan sai matsanancin ciwo, da mannewar kayan ciki, da wahalar samun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kimanin kashi 10 cikin 100 na matan da suke shekarun haihuwa, wato wajen mata miliyan 190.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun tambaya guda wadda masana suka shafe shekara ɗari suna jujjuyawa: shin wannan tsoka da ta ɓace hanya tana iya rikiɗa ta zama sankara, kuma in tana yi, sau nawa?

Tun a 1860 Carl von Rokitansky na birnin Biyana ya ga irin wannan tsoka a madubin ƙara girma a inda bai kamata a same ta ba, sa'an nan likitocin Asibitin Johns Hopkins na Amurka, musamman Thomas Cullen da William Russell, suka ƙara bayani a ƙarshen ƙarni na 19. Amma wanda ya ba cutar siffarta da sunanta shi ne John Sampson, likitan mata a garin Albany na Jihar New York, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1946. Sampson mutum ne mai naci wajen duba abin da ya yanko daga jikin majiyyatansa. A 1921 ya wallafa bayanin waɗansu ƙullutai na jakar ƙwai masu cike da tsohon jini baƙi-baƙi mai kauri, ya kamanta su da narkakken cakulan, sunan da ya bi su ke nan har yau. A 1927 kuma ya kawo ra'ayinsa da ya shahara, cewa wani ɓangare na jinin haila yakan koma da baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki, ɓurɓushin shimfiɗar da ke cikinsa ya kama ya tsiro.

Tsakanin waɗannan ayyuka biyu ne, a 1925, ya rubuta maƙalar da ta buɗe wannan babi, inda ya bayyana sankara a jakar ƙwai wadda ya ce ta taso ne daga cikin tsokar endometiriyosis kanta. Abin yabo ga Sampson a nan shi ne bai yarda ganin ido kawai ya ishe shi hujja ba. Ya san ana iya samun cuta biyu a wuri ɗaya ba tare da ɗaya ta haifi ɗaya ba, kamar yadda samun baƙo biyu a masauki ɗaya ba ya nuna 'yan uwa ne. Don haka ya gindaya sharuɗɗa uku. Dole a sami sankarar da endometiriyosis a jakar ƙwai guda. Dole a tabbatar sankarar a nan ta taso, ba daga wani wuri ta yaɗo ba. Kuma dole a ga siffar tsokar ta yi daidai da ta shimfiɗar mahaifa. A 1953 Roger Scott ya ƙara sharaɗi na huɗu, wanda ya fi sauran tsanani, cewa sai an nuna wurin da lafiyayyar tsokar ta jonu da mai sankarar, har a ga yadda ɗaya ta shige cikin ɗaya.

Sharuɗɗan nan sun kare ilimi daga zargi marar tushe, amma kuma sun zo da wata matsala. Sankara idan ta girma takan cinye tsokar da ta haife ta, ta shafe sawunta, saboda haka sau da yawa kafin likita ya yi aiki shaidar ta riga ta ɓace. Bugu da ƙari, likitan da yake duba tsoka a madubi yana iya cewa abu kaza yakan faru, amma ba shi da hanyar faɗin sau nawa yake faruwa, domin matan da ba su kamu ba ba sa zuwa gabansa. Shi ya sa aka yi shekaru masu yawa ana tara labarai ɗaiɗai, kowane likita da abin da ya gani. Babban ci gaban da aka samu a wannan tsakani ya zo ne a 1967, lokacin da Robert Scully da Barlow suka nuna cewa wata sankara da ake zaton asalinta ragowar tsokar ƙoda ce ta lokacin da ake cikin mahaifa, a gaskiya danginta ɗaya da shimfiɗar mahaifa, kuma yawanci tare da endometiriyosis ake samun ta. Ita ce ake kira sankara mai garai-garan ƙwayoyi, domin ƙwayoyinta kamar babu komai a cikinsu idan an dube su a madubi.

Akwai kuma wani cikas wanda ba daga madubi ya fito ba, daga tunanin likitocin ne kansu. Joe Meigs, wani mashahurin likitan mata na Boston, ya lura tun a shekarun 1930 cewa ya fi ganin cutar a jikin matan masu hali da suke biyan kuɗi su gan shi, fiye da matan talakawa na babban ɗakin asibiti. Daga nan ya yanke cewa jinkirin aure da jinkirin haihuwa ne sanadi, har ya riƙa ba da shawarar auren wuri. Wannan magana ta shiga littattafan koyarwa, ta rikiɗe ta zama cewa endometiriyosis cutar Turawa ce 'yan boko, baƙar mace kuwa da wuya ta same ta. Sakamakon haka, idan baƙar mace ta zo da irin wannan ciwo sai a ce sanyin mara ne na ƙwayoyin cuta, a ba ta magani a sallame ta. Sai a 1976 Donald Chatman na Chicago ya leƙa cikin baƙaƙen mata da na'ura, ya tarar da yawa daga waɗanda aka yi wa wancan hukunci endometiriyosis ce take damun su. A Nijeriya ma, wani bincike da Fawole da abokan aikinsa suka wallafa daga Ibadan a 2015 ya sami cutar a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu saboda matsalolin mata. Ashe abin da Meigs ya auna shi ne wadda take samun kyakkyawan dubawa, shi kuwa ya zaci wadda take kamuwa ya auna.

Na'urar leƙa ciki ɗin nan, wadda Raoul Palmer na Faransa da Kurt Semm na Jamus suka inganta, ita ce ta sauya al'amarin baki ɗaya, domin ta sa ana iya tabbatar da cutar ba tare da an tsaga ciki ba. Da ita ne Halme da abokansa suka gano a 1984 cewa komawar jini da baya tana faruwa ga wajen kashi 90 cikin 100 na matan da bututunsu yake buɗe. Wato Sampson ya yi gaskiya, amma gaskiyar tasa ba ta cika ba, tunda abin da yake faruwa ga kusan kowa ba zai wadatar wajen bayyana cutar mutum ɗaya cikin goma ba.

Amsar tambayar "sau nawa" daga ofisoshin ajiye bayanai ta fara fitowa, kuma ya kamata ma'aikatan gwamnati su lura da wannan. Ƙasar Suwidin ta ba kowane ɗan ƙasa lambarsa tun 1947, ta kafa rajistar masu sankara a 1958, tana kuma rubuta dalilin kwanciyar kowa a asibiti. Malaman ofis da suka riƙa cika waɗannan takardu ba su san za a yi bincike da su ba, amma da aikinsu ne Louise Brinton da abokanta suka bi sawun mata 20,686 da aka kwantar saboda endometiriyosis, suka wallafa a 1997 cewa haɗarin sankarar jakar ƙwai a gare su ya kai ninki 1.9 na sauran mata. A 2007 kuma Kobayashi ya ba da rahoton mata 6,398 masu ƙullutun cakulan a yankin Shizuoka na Japan, inda 46 daga cikinsu suka kamu, wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari, amma duk da haka kusan ninki tara na abin da aka zata.

Masu shakka sun kawo hujja mai ƙarfi. An san haihuwa tana rage haɗarin wannan sankara, matan da suke da endometiriyosis kuwa ba su cika haihuwa da yawa ba; to, me zai hana a ce ƙarancin haihuwar ne mai laifi? Amsar ta zo a 2012, sa'ad da Celeste Pearce da ƙungiyarta suka haɗa bincike 13, suka cire tasirin yawan haihuwa da na ƙwayar tazarar haihuwa daga lissafi, amma dangantakar ta tsaya daram. Muhimmin abin da suka gano shi ne ba kowace sankarar jakar ƙwai ce abin ya shafa ba. Mai garai-garan ƙwayoyi ta ninka kimanin sau 3, mai kama da shimfiɗar mahaifa kimanin sau 2, amma irin da ta fi yawa kuma ta fi kashe mata ba a sami ƙaruwarta ba a wannan lissafi. Ire-iren da lissafin ya nuna kuwa su ne waɗanda Sampson da Scully suka gani a madubi tun da daɗewa.

Shekara biyu kafin wannan, a 2010, masana a Vancouver ta Kanada ƙarƙashin David Huntsman sun kawo shaidar da Scott ya nema, amma ta wata hanya da bai san da ita ba. Akwai wata ƙwayar gado mai suna ARID1A wadda aikinta ya haɗa da taka wa tsiron sankara burki. Sun same ta a lalace a kashi 46 cikin 100 na sankara mai garai-garan ƙwayoyi, da kashi 30 cikin 100 na mai kama da shimfiɗar mahaifa. A jikin mata biyu kuma sun sami lalacewar iri ɗaya a tsokar endometiriyosis da take manne da sankarar, alhali wadda take nesa ba ta da ita. Ana kyautata zaton sinadarin ƙarfe da ke cikin tsohon jinin da ya taru a ƙullutu, tare da kumburin shekara da shekaru, su ne suke yi wa ƙwayoyin lahani. Sai dai ba a daɗe ana murnar an kama ɓarawo ba, domin a 2017 Anglesio da abokansa suka sami irin waɗannan lalacewa a tsokar endometiriyosis mai zurfi ta matan da ba su da sankara ko kaɗan, a wuraren da ba a san tana rikiɗa ba sai nadiran. Ke nan lalacewar ƙwayar gado mataki ɗaya ce, kuma mafi yawan tsokokin da suka taka shi a nan suke tsayawa.

A 2024 wani bincike daga Jihar Utah ta Amurka, wanda Mollie Barnard ta jagoranta a kan mata 78,893 masu cutar, ya sami ninki 4.2 gaba ɗaya, da kusan ninki 10 ga masu ƙullutun cakulan ko mai zurfi. Jaridu suka ɗauki waɗannan lambobi suka yayata, hankalin mata da yawa ya tashi. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin kalmar "ninki" takan ruɗi mai sauraro idan ba a faɗa masa abin da aka ninka ba. Tun a 2017 Marina Kvaskoff da abokan aikinta sun yi wannan lissafi a fili: cikin kowace mace 1,000, kimanin 13 ne za su kamu da sankarar jakar ƙwai a tsawon rayuwarsu, cikin masu endometiriyosis kuwa kimanin 18. Ko da an ɗauki ninki biyu cur, adadin bai wuce 26 ba, saura fiye da 970 kuwa ba za su kamu ba. Idan aka kwatanta, sankarar mama tana samun wajen mace ɗaya cikin takwas a Amurka, mai lalatacciyar ƙwayar gado ta BRCA1 kuwa haɗarinta na sankarar jakar ƙwai ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Wanda ya faɗa wa majiyyaciya ninkin, ya ɓoye mata asalin adadin, bai yi mata ƙarya ba, amma bai kyauta mata ba.

Wannan bambanci yana da nauyi a aikace, domin tsoro yakan kai mace ga neman a cire mata jakunkunan ƙwai tun tana da ƙuruciya. Cire su kuwa yana jawo ɗaukewar haila kafin lokaci, da raunin ƙashi, da ƙarin haɗarin ciwon zuciya, ga kuma rufe ƙofar haihuwa ga wadda sau da yawa neman haihuwar ne ya kai ta asibiti. Gwajin share-fage ma bai tsinana abin da aka yi fata ba. Wani babban gwaji a Ingila a kan mata fiye da 200,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa auna jini da ɗaukar hoton ciki kowace shekara bai rage yawan mace-mace daga wannan sankara ba. Ƙwayar tazarar haihuwa kuwa, wadda dama ana ba masu endometiriyosis ita domin rage ciwo, an nuna a 2008 cewa tana rage haɗarin da kimanin kashi 20 cikin 100 a duk shekara biyar da aka yi ana shan ta. Bisa irin waɗannan hujjoji ne ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta ba da shawara a 2022 cewa a sanar da majiyyata ƙanƙantar haɗarin, kuma kada a ɗora musu gwaje-gwajen sankara fiye da waɗanda ake yi wa sauran mata. Inda likitoci suke ƙara sa ido shi ne a kan ƙullutun cakulan da ya girma, ko ya sauya kama a hoto, musamman a jikin matar da ta doshi shekarun ɗaukewar haila ko ta wuce su.