Tarihin Kalmar Boatswain: Yadda Rubutu da Furuci Suka Raba Hanya

A cikin sunayen Ingilishi waɗanda ba a cika ji ba sai a bakin ma'aikatan jirgin ruwa akwai boatswain, watau shugaban ma'aikatan da ke kula da igiyoyi da anga da sauran kayan jirgi. A rubuce gaɓoɓinta biyu ne, boat da swain. Amma a baki ana cewa "bosin", da nauyin murya a kan gaɓar farko.

Harɗaɗɗen suna ne. Kashin farko ya fito daga bat na tsohon Ingilishi, ma'ana kwalekwale. Na biyu kuwa aro ne daga sveinn, ma'ana yaro ko bara, a harshen mutanen Sikandinabiya waɗanda suka fara kai hari Ingila wajen 793, daga baya suka zauna a gabashinta da arewacinta.

Da yake Ingilishi yana ɗora nauyi a kan gaɓa guda, ya bar sauran su raunana, sai kashi na biyu ya yi ta zaizayewa. Baƙin w ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a answer. Dogon wasalin ya gajarce. Baƙin t na ƙarshen gaɓar farko shi ma ya ɓace. Haka ya auku ga coxswain, wadda ake furtawa "koksin".

Rubutu bai bi sawu ba. Bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster cikin 1476, siffofin kalmomi suka riƙa kafewa a takarda, alhali baki yana ci gaba da sauyawa. A bugun 1623 na wasannin Shakespeare, cikin The Tempest, an rubuta kalmar da cikakkiyar siffarta, an kuma rubuta ta Boson. Wannan shaida ce cewa gajeren furucin ya riga ya zauna tun lokacin. Daga baya bosun ta shiga ƙamus, tana zaune gefen tsohuwar siffar.

Kowace siffa da abin da ta riƙe da abin da ta saki. Boatswain ta adana ƙirar kalma, amma tana ɓad da mai koyo, har ya furta abin da matuƙa ba su faɗa. Bosun ta adana sauti, ta binne asali. Ingilishi bai yanke hukunci tsakaninsu ba har yau: duka biyun suna cikin ƙamus, furucinsu ɗaya a bakin matuƙa.