Tarihin wayar tangaraho: Yadda saƙo ya riga doki isa

Idan manomi a Dawaki, a yankin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, ya kira ɗansa da ke Legas ta salula, abin da zai ce shi ne ya “buga masa waya”, alhali babu wani zaren ƙarfe da ya haɗa su, kuma bai bugi komai ba. Wannan kalami gado ne daga wata na’ura da ta riga tarho da rediyo shigowa ƙasar Hausa, wato wayar tangaraho.

Tangaraho hanya ce ta aika rubutaccen saƙo zuwa wuri mai nisa ta hanyar tura lantarki cikin zaren ƙarfe. Muhimmancinta a tarihi shi ne ta raba tafiyar labari da tafiyar ɗan aike. Kafin zuwanta, saƙo ba ya wuce saurin ƙafar mutum ko doki ko raƙumi ko jirgin ruwa. Bayan zuwanta, wanda ya mallaki waya ya riga kowa sanin abin da ke faruwa, kuma wannan fifiko ya yi tasiri a kan yaƙi da mulki da kasuwanci a Arewacin Najeriya.

Kafin zuwan waya

A zamanin Daular Sakkwato, harkokin mulki suna tafiya ne ta wasiƙun Larabci masu ɗauke da hatimin sarki, waɗanda manzanni ke ɗauka a gafaka. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano a fadar Sarkin Musulmi, sannan a cikin masarauta jakadu ne ke kai umarni garuruwa irin su Rano, su dawo da haraji da labari. Idan abu na gaggawa ne, kamar harin abokan gaba, sai a kaɗa ganga ko kuge domin a ankarar da jama’a, amma sautinsu ba ya wuce inda kunne zai ji.

Nisan tafiya kuwa ba ƙarami ba ne. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya bar Kano a ƙarshen watan Fabrairun 1824, bai isa Sakkwato ba sai tsakiyar Maris, kusan mako uku ke nan. Manzo mai doki yakan fi haka sauri, amma duk da haka lissafinsa na kwanaki ne.

Turai ma haka take. A 1794 Claude Chappe ya kafa wa Faransa jerin hasumiyoyi tsakanin Paris da Lille, kowace da sanduna masu motsi a samanta, mai gadi yana hango alamar ta gabansa ya maimaita wa na bayansa. Dabarar ta yi aiki, sai dai dare da hazo suna tsayar da ita.

Yadda aka ƙirƙiro ta

Tushen tangaraho bincike biyu ne. A 1800 Alessandro Volta na Italiya ya ƙera batir na farko, wanda ya samar da lantarki mai gudana ba yankewa. A 1820 kuma Hans Christian Oersted na Denmark ya gano cewa lantarkin da ke bin waya yana juya allurar maganaɗisu da ke kusa da ita. Ma’anar wannan ita ce mutum zai iya kunna lantarki a wani gari, wani abu ya motsa a wani garin.

A Ingila, William Cooke da Charles Wheatstone sun yi rajistar na’urarsu mai allurai a 1837, kuma kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fara amfani da ita. A Amurka kuwa, Samuel Morse da abokin aikinsa Alfred Vail suka fito da tsari mafi sauƙi. Ranar 24 ga Mayun 1844 Morse ya aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore, tazarar kimanin kilomita 64.

Tsarin Morse ya dogara ne a kan alamomi biyu, gajeren bugu da dogon bugu. Ma’aikaci yana danna wani ɗan maɓalli, lantarki ya bi waya, na’urar da ke ɗaya ɓangaren ta yi ƙara. Kowane harafi yana da nasa jeri. Harafin E, wanda ya fi yawa a Turanci, gajeren bugu ɗaya ne, T kuma dogo ɗaya. Gogaggen ma’aikaci da kunne yake karanta saƙo, yana ji yana rubutawa a takarda. Kalmar “waya” kanta daga Turanci aka aro ta, kuma kafin tarho ya yaɗu, “buga waya” na nufin aika saƙon tangaraho.

Ƙetare teku

A 1851 aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa. A wannan shekara ce Paul Julius Reuter ya buɗe ofishinsa a Landan, wanda ya zama kamfanin dillancin labarai na Reuters. Wayar farko da ta ƙetare Tekun Atilantika a 1858 ta lalace bayan ’yan makonni, sai a 1866 katafaren jirgin ruwan nan Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore. Labarin da a da yake kwana goma ko fiye a jirgi ya koma isa a rana guda.

Da layuka suka fara ƙetare iyakoki, sai buƙatar ƙa’ida ɗaya ta taso. Ranar 17 ga Mayun 1865 ƙasashe 20 suka sa hannu a Paris a kan yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Tangaraho ta Duniya. Ita ce a yau hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU.

Sabuwar na’urar ta kai har zauren malamai. A Masar an yi wa babban malamin Malikiyya, Shaihu Muhammad Ilish, tambaya a kan labarin ganin watan Ramadan da ya zo ta waya. Daga baya, a 1911, Shaihu Jamaluddin Alƙasimi na Dimashƙu ya wallafa littafi sukutum yana kafa hujjar halaccin aiki da irin wannan labari.

Shigowarta Arewa

A 1886 aka haɗa Legas da Landan ta wayar ƙarƙashin teku. Kafin Frederick Lugard ya ayyana mulkin Birtaniya a kan Arewa a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, an riga an ja layi daga Legas zuwa Jebba da Lakwaja saboda bukatun soja. Da ya mayar da hedikwatarsa Zungeru a 1902, waya ta bi shi can.

Yaƙin Kano ya nuna bambancin da ke tsakanin masu waya da marasa ita. A watan Disambar 1902 Ma’aikatar Mulkin Mallaka da ke Landan ta ga rahoton Reuters cewa ana shirin auka wa Kano, ta buga wa Lugard waya tana neman bayani, aka yi ta musayar saƙonni a kan makomar birnin. Kanal Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. A lokacin Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, kuma a kan hanyar dawowa labari ya riske shi ta bakin ’yan aike, bayan aikin gama ya gama. A ƙarshen watan aka gwabza a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris.

Bayan haka sai aka duƙufa wajen jan layi zuwa manyan garuruwan larduna, kamar Zariya da Kano da Sakkwato da Bauci da Yola da Borno. Aikin ya ci ƙarfin talakawa, domin su ne suka sare daji, suka yi dakon turaku da naɗin waya a ka. Gara kuma tana cin turakun itace, abin da ya sa aka riƙa shigo da na ƙarfe.

Amfanin layin ga ’yan mulkin mallaka ya fito fili a 1906. Ranar 14 ga Fabrairu mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka murƙushe wata rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Saƙonni suka yi ta kai da komo tsakanin Zungeru da Landan da barikoki, aka juyo da sojoji har da waɗanda aka tura ƙasar Tibi. Ranar 10 ga Maris aka shafe garin, kuma masana tarihi na ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin mutum 2,000. ’Yan tsirarun Turawa sun iya riƙe ƙasa mai faɗin gaske ne saboda suna iya tara ƙarfinsu wuri ɗaya kafin labarin rauninsu ya gama yaɗuwa.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da gidan waya

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama’a a 1912. Turakun waya suna tafe kafaɗa da kafaɗa da shi, domin da tangaraho ne tashoshi irin su Dangora da Madobi da Chalawa ke sanar da juna tasowar jirgi, don kada biyu su haɗu a kan layi ɗaya.

Zuwan dogo ya buɗe cinikin gyaɗa. Farashin da aka yanke a Liverpool yana bin waya zuwa Legas, daga nan zuwa kantunan kamfanoni irin su Niger Company da John Holt a Kano. Manomin Rano ko Kibiya bai taɓa ganin saƙon ba, amma shi ne ke yanke abin da ɗan baranda zai ba shi a bakin sikeli.

Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Sashen Gidan Waya da Tangaraho ne ya riƙe aikin a ƙasa baki ɗaya. Haɗuwar ayyukan biyu a ofishi ɗaya ce ta sa har yau Bahaushe ke kiran wurin aika wasiƙa “gidan waya”. Da yawa daga ma’aikatan farko ’yan Legas ne da Saliyo da ƙasar da a yau ake kira Ghana, kuma irinsu na cikin waɗanda suka fara zama a Sabon Garin Kano.

Ana biyan kuɗin saƙo ne bisa yawan kalmomi, saboda haka ake taƙaita shi matuƙa. Doguwar gaisuwar da aka san wasiƙar Bahaushe da ita ba ta da gurbi a nan. Na’urar kuma haruffan boko take ɗauka, don haka mai rubutu da ajami sai ya nemi wanda zai juya masa. Mutumin ƙauye kuwa sai ya yi tattaki zuwa garin da ke da gidan waya. Wannan ya sa talaka bai cika buga waya ba sai a kan babban al’amari, kamar rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani.

Ƙarshen zamaninta

Tun a 1876 Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho, mai ɗaukar murya kai-tsaye. A Disambar 1901 Guglielmo Marconi ya sanar da karɓar alama daga Ingila a gaɓar Newfoundland ba tare da zare ba, abin da Hausawa suka raɗa wa suna wayar iska. Daga baya na’urar teles, mai buga haruffa kamar tafireta, ta maye gurbin maɓallin Morse a ofisoshi da gidajen jaridu.

A 1985 aka raba aikin gida biyu a Najeriya: NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki sadarwa. A watan Agustan 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM, a lokacin da layukan tarho masu aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Kamfanin Western Union na Amurka ya daina aika saƙon tangaraho a Janairun 2006, Indiya kuma ta rufe nata a Yulin 2013.

Sai dai tsarin da tangaraho ta kafa bai gushe ba. Kwamfuta na aiki ne da alamomi biyu, sifili da ɗaya, kamar yadda Morse ya yi da gajeren bugu da dogo. Mafi yawan bayanan intanet da ke ratsa nahiyoyi suna bi ne ta wayoyin ƙarƙashin teku, kuma Legas, inda ta 1886 ta sauka, ita ce har yanzu babbar mashigarsu a Najeriya. A watan Maris na 2024, da wasu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da hada-hadar bankuna sun tangal-tangal a faɗin ƙasar nan, tun daga Legas har zuwa masu sana’ar POS a kasuwannin karkara.